Wanda Ya Karanta Ni Kafin Ya Gan Ni

Ga waɗanda yau suka fara tsintar labarina: sunana Tirza, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Bayit Wagan, nan Urushalima, ina zaune gidan iyayena. Shekara biyar na yi a Toronto ina karatu. Na dawo da takardar shaida, da rigunan sanyi masu nauyi da ba su da amfani a nan, da wani hali da Ima, wato mahaifiyata, ke kira tsaurin ido. Masu turo min saƙo cewa in gode wa Allah na samu mai so, na gani. Ku ƙarasa karanta wannan tukuna.

Maganar Amitai ce. Doda Mazal, yayar Abba, ita ce mai dalilin aurenmu. Ta aurar da rabin unguwar nan, sauran rabin kuma lambobinsu na cikin wayarta. Ita ta kawo shi: dogo, siriri, da 'yar hular saƙa mai ruwan toka, ba ya yawan magana, in ya yi dariya sai ya kalli ƙasa. Mun haɗu sau da dama, har an kai inda ba a ƙara haɗuwa sai da amsa. Iyayensa suna so su zo ranar Lahadi a tsayar da baiko. Ni kuma an ba ni zuwa Juma'a, kafin jiniyar shigar Asabar, ranar hutunmu ta Yahudawa, ta yi kuka da yamma, in ce e ko a'a.

Ranar Litinin na tarar da Ima a kicin tana mulmula kubbe, ɗankwalinta ya zame baya, hannunta duk samolina. Ba ta ko ɗago ba.

"Tirza, yaron nan me ya rasa? Yana karatu, ba ya shan taba, uwarsa 'yar mutunci."

"Bai rasa komai ba, Ima. Abin da ya dame ni ke nan."

"To sai mu nemo miki mai ɗingishi."

Ta ce a zamaninta sau biyu ta ga Abba kafin biki, na biyun ma ƙeyarsa ta fi gani. Abba daga falo ya ce ai shi ya sa ta yarda. Ta yi masa tsaki, ta dawo kaina. Ta tuna min Emuna, ƙanwata, da ke da nata manemin tun bara, amma ba za a yi maganarta ba sai babba ta fita. Ta ce ita ba ta matsa min, amma in tuna ba ni kaɗai ce a layi ba.

Ban gaya mata abin da ke raina ba. Ku zan gaya wa.

A Toronto na fara karatun Attaura ni kaɗai, don ba ni da abokiyar karatu, dare kuma dogo ne a can. Littattafai sun yi min nauyi, sai na koma wata manhaja ta rubutu a kwamfuta. Kowace aya da katinta. Ayar kanta da baƙi, sharhin malaman dauri da shuɗi, abin da ni na gani kuma da ja. Kowane kati ina maƙala masa alama: in na taɓa alamar "rijiya", duk inda aka haɗu a bakin rijiya zai jero min, in na taɓa "dawowa", duk wanda ya bar gida ya dawo zai fito. Baƙi da shuɗi na kowa ne. Ja nawa ne. Ko Abba bai taɓa ganin jan rubutuna ba, don akwai tambayoyin da ba a yi a kan teburin Asabar.

Haɗuwarmu ta biyu a falon wani otal ne, kowa da lemonsa a gaba, ga wasu ma'aurata-gobe irinmu a kowace kusurwa suna ta gumi. Hira ta kai mu kan matar Lutu. Amitai ya juya kofinsa ya ce shi bai taɓa iya ganin laifinta ba. Mace ta bar 'ya'yanta masu aure a cikin garin da ke cin wuta, wa zai hana wuyanta juyawa? Shekara uku ke nan da na rubuta wannan tunanin da ja. Na ce a raina, ashe akwai irina.

Haɗuwa ta uku ya kawo Yusufu. Ya ce an sha tambaya me ya hana shi aika wa mahaifinsa ko da saƙo ɗaya bayan ya samu mulki a Masar. Ya ce a ganinsa, yana jira ne ya ga wa zai neme shi.

Na dawo gida ban cire takalmi ba na buɗe kwamfuta. Ga shi nan da ja: yana jira ne ya ga wa zai neme shi. Kalma bayan kalma.

Mutum biyu na iya yin tunani ɗaya. Jumla ɗaya kuwa, sai dai ɗaya ya ji daga ɗaya.

Emuna na fara zargi. Tana aron kwamfutata don aikin makaranta, ta san lambar sirrin, ita ce 'yar gaban goshin Doda Mazal, kuma ita ce mai riba in na fita. Ban yi mata magana ba. Tarko na ɗana. Na buɗe sabon kati a kan annabi Yunusa, na rubuta da ja, da manyan baƙaƙe, cewa ni a duk labarin nan kifin ne ya fi ba ni tausayi, don ba a tambaye shi ba aka ɗora masa baƙo. Na maƙala katin a saman shafi, na bar kwamfutar a buɗe a kan gado kwana da kwanaki.

A haɗuwa ta gaba, a kan benci a lambun Saker, na ja hira da ƙarfi har bakin teku. Na kawo Yunusa, na kawo jirgi, na kawo kifin kansa na ajiye masa a gaba. Bai ɗauka ba. Abin da kowane ɗan makaranta zai faɗa ya faɗa. Har na fara jin kunyar kaina. Na ce Tirza, zaman waje ya lalata ki, kin dawo kina zargin inuwarki.

Muna tashi ya tambaye ni ko na saba da gida. Na ɗaga kafaɗa. Ya kalli takalminsa ya ce:

"Wanda ya dawo, ba a tambayarsa me ya gani. Sai dai me ya kawo."

Na yi murmushi, na ce haka ne, na hau bas.

Wannan jumlar ma tawa ce, amma ba ta cikin kwamfuta. Ba ta taɓa shiga ba.

Duk da haka na tare Emuna a ɗaki tana goge siket, na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa kai wa Doda rubutuna. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni in karanta jan rubutunki? Maganin barci ne ya ƙare a kantinku?"

Ta ce abin da ta gani kawai shi ne maganar kifi, kuma tun ranar take tunanin ko a kai ni a duba ni. Na yarda da ita. Emuna in ta yi ƙarya kunnenta ja yake yi, ranar kuwa fari ne tas.

Na zauna bakin gado na bi sawun jumlar. Ranar Asabar ba a taɓa kwamfuta, ba a taɓa waya, ba a rubutu. Don haka duk Juma'a da rana nake buga katunan makon a takarda, baƙi da shuɗi da ja, in karanta su bayan an ci abinci kowa ya kwanta. In wani tunani ya zo min sai in lanƙwasa kunnen takardar. Asabar na fita, in ɗauki biro in rubuta a gefe. Yawanci nakan mayar da shi kwamfuta. Wannan ban mayar ba. Na ga ya yi ɗaci da yawa, na bar shi a takarda.

Takardar kuwa ba a jefa ta a shara, tunda akwai ayoyi da Sunan Ubangiji a jikinta. Akwatin geniza ake kai ta, wancan koren akwatin ƙarfe da ke kusurwar titinmu, titin Uziyel, jikin katangar majami'a. Nan kowa ke zura tsofaffin littattafan addu'a da duk takarda mai tsarki, a kwashe a kai maƙabarta a binne. Tun da na dawo, duk Lahadi nake zura nawa a ramin akwatin nan, hankalina kwance, kamar mai ba wa ƙasa ajiya.

Na tambayi mai kula da majami'a yaushe ake kwashewa. Ya ce Alhamis da safe.

Alhamis na ce wa mai kantinmu zan makara. Na sa doguwar rigata baƙa da siket mai ruwan ƙasa, na zauna a tashar bas da ke kallon akwatin, waya a hannu kamar mai jiran mota. Bas biyu suka wuce ni. Doda Mazal ta turo saƙo: "Gobe Juma'a fa, 'yar ƙanena. Uwar yaron ta kira ni har sau biyu." Ta bi shi da hoton zobe da na fure da na kaza, ban san me kazar ke yi a ciki ba.

Wata farar ƙaramar motar kaya ta tsaya. Amitai ya fito, cikin tsohuwar riga mai dogon hannu da safar hannu ta aiki, makulli na rataye a wuyansa. Ya taɓa ce min yana taya kawunsa aikin mota wasu ranaku. Na ɗauka burodi suke rabawa.

Ya buɗe akwatin, ya jawo buhu. Bai ɗora shi a mota ba. Ya durƙusa, ya cire safar hannu ɗaya, ya shiga tonawa a hankali, irin tonon wanda ya san abin da yake nema. Na tsallaka titi.

"Wannan makon ban zuba komai ba," na ce. "Kada ka wahalar da kanka."

Bai yi tsalle ba, bai yi rantsuwa ba. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

Ya ce dole ne a tantance buhunan, don mutane na zuba komai: katin biki, jarida, har takardar kuɗin wuta. Ya ce wata rana a bara yana tantancewa ya ga takarda mai launi uku, ya karanta layi ɗaya, ya kasa ajiyewa. Sunana na ƙasan kowane shafi, manhajar ce ke bugawa, ban taɓa lura ba. Ya yi watanni yana karantawa kafin ya roƙi mahaifiyarsa ta bincika wace ce Tirza a titin nan. Daga nan maganar ta isa kunnen Doda, ita kuma ta zo mana da ita a matsayin wahayin da ya sauko mata.

"Dubawa daban, karantawa daban," na ce.

"Na sani."

"Binnewa na ba da su. Ka san me ake kiran mai buɗe abin da aka ba wa kabari?"

"Na sani, Tirza."

"To a cikin duk abin da ka faɗa min, wanne ne naka?"

Wata mata da keken jariri ta wuce mu tana waiwaye. Gobe war haka unguwa ta ji an gan ni tsaye da namiji a bakin majami'a. Ban damu ba.

Ya ce ranar farko ya zo da niyyar gaya min, sai ya ga yadda na zauna kamar mai karɓar jarrabawa, ya tsorata. Da ya faɗi maganar matar Lutu ya ga fuskata ta sake, sai ya kasa dainawa. Ya ce ya san sata ce. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya yi 'yan danne-danne, tawa ta yi ƙara a cikin jaka.

"Nawa rubutun ne, duka. Na buɗe miki. Ban cire komai ba. Ki karanta ni yadda na karanta ki, sannan ki ba Doda amsar da kika ga dama."

Na juya na tafi aiki, na wuni ina ba mutane maganin tari.

Da yamma na kulle ɗaki na buɗe. Ima na bugun ƙofa tana tambaya ko zan ci bamiya, wato miyar kuɓewa, na ce na ƙoshi.

Tsarina ya kwaikwaya, har launuka. Amma nasa a hargitse yake, alamomi sun hau kan juna, wani katin ba ya kai ka ko'ina. Jan rubutunsa gajere ne, babu ado, da kurakuran rubutu. Na nemi Yusufu. Ga jumlata nan ya kwafa, ya sa harafin sunana a gaba. A ƙasa ya rubuta nasa:

"Ban yarda da ita ba. Ba jira yake ba, kunya yake ji. Ya saba da can, ya yi suna, ya yi 'ya'ya, wasu ranakun ma ba ya tuna gida. Da wane baki zai aika? Ita ma ina jin ta san haka, ba ta so ta rubuta ne."

Na karanta sau uku. Na ji haushi, irin haushin da kake ji in an taka maka daidai inda ke ciwo. A Toronto akwai watan da ban kira gida ba, ba don ina jiran kowa ba. Daɗi nake ji.

Wannan ne mutumin da ban taɓa haɗuwa da shi ba a falon otal. Na ci gaba da bi. Yana musu da ni a wuri da dama, wani wurin yana da gaskiya, wani wurin shirme ne zalla, har na yi dariya ni kaɗai. Ba zan ɓoye muku ba: na ɗauki waya na nemo lambar Doda. Na ce ɓarawon da ya kawo kansa ya kuma buɗe jakarsa, a yi masa sassauci.

Kafin in danna, idona ya sauka kan jerin alamominsa a gefen allo. Na saba duba na mutum, don a nan ake gane yadda kansa ke aiki. "Rijiya." "Mafarki." "'Yan'uwa." Can ƙasa: "Akwatin Uziyel." Na taɓa, katunana suka jero, an ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, har da lanƙwasar kunnen takarda. Wannan na riga na sani.

A ƙarƙashinta akwai wata: "Akwatin Hafisga."

Titin Hafisga yana bayan namu, tafiyar ƙafa ce. Na taɓa.

Hotunan takardu ne, rubutun hannu, da koren biro, ƙanana a jere kamar tururuwa. Rubutun mace ne. A kan Zabura take rubutu, tana yi tana magana da Ubangiji kamar mai magana da yayanta. Shafukan sun fi nawa yawa. Kwanan watansu ya girmi dawowata gida. A ƙarƙashin kowanne ga jan rubutun Amitai, yana yarda, yana musu, yana cewa ita ma ya san ta san haka. Sai a wani wata suka tsaya cak. Bayan ɗan lokaci nawa suka fara.

Na zauna ina kallon allon. Ya ce bai cire komai ba. Ko dai gaskiya ce ta sa ya bar min wannan in gani, ko kuwa ya manta da shi ne, yadda ake manta tsohuwar riga a ƙasan akwati. Na rasa wanne ya fi muni.

Na kira Doda. Ta ɗauka tun kafin ya yi ƙara, ina jin talabijin a bayanta.

"Amarya! In kira uwar yaron?"

"Doda, kafin ni, wa Amitai ya nema a titin Hafisga?"

Talabijin ɗin ya mutu.

"Wa ya gaya miki maganar Shilat?"

Ta shiga kame-kame. Ta ce tsohon zance ne, kowa da abin da ya wuce masa, yarinyar ma dama ba ta cika lafiyar kai ba, kullum tana cikin littafi. Na ce kamar ni ke nan. Ta ce in daina sa mata magana a baki. Da na matsa, ta ce an yi baiko, an kama zauren biki, an raba kati, sai yarinyar ta fasa, ba ta gaya wa kowa dalili ba, har uwarta. Ta ce ta ɓoye min ne don ta san halina, ni ko a cikin tuwo sai na nemo ƙashi.

"Ba ni lambarta."

"Tirza, gobe Juma'a. Ki ji tausayin Emuna."

"Lambar, Doda. In ba haka ba amsata a'a ce, yanzu, kuma ke za ki gaya wa Ima dalili."

Ta turo, ba fure, ba zobe.

Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe na bar layi biyu: "Sunana Tirza, daga titin Uziyel. Ana so in ba da amsa gobe a kan Amitai." Ban ambaci akwati ba, ban ambaci takarda ba.

Alamar ta nuna ta karanta. Ta fara rubutu, ta tsaya. Ta sake farawa. A falo ina jin Ima na gaya wa Abba a ƙaro kujeru daga maƙwabta saboda Lahadi.

Saƙon ya shigo.

"Ke ma a akwati ya same ki? Kada ki ce komai tukuna. Gobe da safe ki zo, ki taho da duk abin da ya taɓa faɗa miki, mu raba. Ina jin wasu nawa ne."